Sai Bayan Tirela Ya Bi Gabanta Tsawo Yake Zama Riba

Na taɓa tsayawa a harabar wani babban ɗakin ajiyar kaya ina kallon wani direba yana juya tirela mai aksil uku a baya, yana neman daidaita ta da ƙofar da za a sauke masa kaya. Filin na siminti ne, motar kuma maƙare take da lodi. Da kan motar ya karya kwana sosai, sai na lura cewa tayoyin aksil na tsakiya ne kaɗai suke birgima yadda ya kamata, na gaba da na baya kuwa jan su ake yi a kaikaice, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Gefen tayar ƙarshe ya lanƙwashe har na yi zaton za ta zame daga wilinta, ga ƙarar roba tana gurzar siminti, ga bodin yana ɗan fizga duk lokacin da tayar ta ƙwace ta sake kamawa. Bayan motar ta tsaya na je wurin da ta juya, na durƙusa na shafa baƙaƙen layukan da ta bari a ƙasa, garin roba ya baƙanta mini yatsu. Tun daga ranar nake kallon irin waɗannan layuka a matsayin kuɗi, domin taya ce da aka saya aka bar wani ɓangarenta a ƙasa, kuma man da injin ya ƙona wajen jan ta a kaikaice bai matsar da kayan ko taku ɗaya zuwa ga mai su ba.

Dalilin abin da na gani a bayyane yake. Aksil shi ne sandar ƙarfen da ke ƙarƙashin mota wadda tayoyi suke maƙale a bakinta biyu, kuma idan mota za ta yi kwana ba tare da gurzar taya ba, dole ne kowane aksil ya fuskanci cibiya guda ta da'irar da ake zagayawa. Wannan ilimi ya girmi motar kanta, domin tun a shekarar 1818 aka yi wa tsarin rajista a Ingila da sunan Rudolph Ackermann, bayan wani maƙerin keken doki na birnin Munich mai suna Georg Lankensperger ya ƙirƙiro shi. To amma aksil uku da aka kafe a jere, da tazarar kusan mita 1.3 tsakanin kowane biyu, ba za su taɓa fuskantar cibiya ɗaya ba. Ɗaya ne zai dace, sauran biyun su biya da robarsu.

Na kawo wannan ne saboda duk inda masu jigilar kaya suka zauna suna neman yadda mota ɗaya za ta ɗauki fiye da abin da take ɗauka a yau, maganar takan ƙare ne a kan ƙara wa tirela tsawo. Ina goyon bayan dogayen tireloli, kuma ina ganin ƙasashen da suka ba su dama cikin tsari sun ci moriya. Sai dai na yi imani cewa ribar tsawon ba ta tabbata har sai bayan tirelar ya iya bin sawun gabanta a kwana, kuma abin da ke sa hakan ta yiwu shi ne aksil mai juyawa, wato mai tayoyin da suke karkata su bi kwana, wanda shi ma yana da nasa farashin da ba kasafai masu tallarsa suke tsayawa su faɗa ba.

A idon mai jigila kaya iri biyu ne. Akwai wanda yake ƙure ma'auni tun bodi bai cika ba, irin su siminti da rodi da takin zamani da yashi. Mai ɗaukar irin wannan ko an ƙara masa mita goma a bodi iska kawai zai ɗauka a ciki, tunda doka ta riga ta tsayar da shi a kan nauyi. Akwai kuma wanda yake cika bodi har ƙofa alhali motar ba ta ko kusanci iyakar nauyin da aka yarda mata ba, irin su katifu da robobi da tufafi da gwangwanayen da ba a zuba komai a ciki ba da kwalayen saƙonnin da ake saye ta intanet. Wannan rukuni na biyu shi kaɗai ƙarin tsawo yake yi wa amfani, kuma duk wanda bai fara tantance ko kayansa wane iri ne ba, ya soma lissafinsa daga kuskure.

A ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai ta 1996 kan awo da nauyin manyan motoci, kan mota haɗe da tirelarsa ba sa wuce mita 16.5, abin da ya bar wa bodi kusan mita 13.6. 'Yan sana'ar suna lissafi ne da falet, wato katakon da ake jera kaya a kansa domin na'urar ɗagawa ta cicciɓa. Bodi mai mita 13.6 yana cin falet 26 na irin wanda ake aiki da shi a Birtaniya, mai tsawon mita 1.2 da faɗin mita 1. Idan aka ƙara mita ɗaya zai ci 28, idan kuma aka ƙara mita 2.05 ya zama 15.65 zai ci 30. Falet huɗu ba su da yawa a ido, amma direban ɗaya ne, kan motar ɗaya ne, albashi bai canja ba, kuma iskar da mota take kutsawa, wadda take cin babban kaso na mai idan ana gudu a babban titi, faɗin gaban motar ne yake yanke mafi yawanta. Saboda haka man da ake sha yana ƙaruwa kaɗan ne kawai, yayin da wurin zuba kaya ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin 100.

Inda gizo ke saƙar shi ne a kwana. Tayoyin bayan tirela ba sa taka sawun tayoyin gaba, suna yanke hanya ne ta cikin kwanar, kuma gwargwadon nisan da ke tsakanin ƙusar da ta haɗa tirela da kan mota da tsakiyar aksilolin baya, gwargwadon girman wannan yanke. Lissafin na alwatika ne mai sauƙi wanda kowa zai iya yi a bayan takarda. A ce ƙusar haɗin tana zagaya da'ira mai nisan mita 12 daga cibiya, tazararta da tsakiyar aksilolin kuma mita 8 ce. Idan motar ta zauna a cikin zagayen, aksilolin za su bi da'ira mai kusan mita 9, wato sun shigo ciki da mita 3. Idan aka mayar da tazarar mita 10, da'irarsu za ta koma kusan mita 6.6, shigowar ta haura mita 5. Ƙarin mita biyu a tsawo ya ƙara fiye da mita biyu ga faɗin titin da motar take sharewa, kuma abin yana daɗa muni ne da kowane ƙari. Wannan fili da ake magana a kansa yana da mazauna: a nan dakalin gefen titi yake, da turken fitila, da mai keke ko mai babur da ya tsaya a gefen motar yana jiran hannu.

Wannan ne ya sa dokar Turai ta ƙunshi gwajin zobe. Ana zana da'ira biyu a ƙasa, ta waje mai nisan mita 12.5 daga cibiya, ta ciki mai mita 5.3, kuma dole motar ta zagaya tsakaninsu ba tare da wani sashe nata ya ƙetare layi ba. Tirela mai mita 13.6 da kafaffun aksiloli tana wucewa, amma da ɗan rata kaɗan. Wanda ya fi ta tsawo yana tsaka mai wuya: idan aka tura aksilolinsa baya domin nauyi ya rabu daidai, sai ya taka da'irar ciki, idan kuma aka bar su inda suke, sai wutsiyar bodi ta yi tsawo, nauyi ya taru a kan tayoyin tirela, kan mota ya rasa abin da zai danne tayoyinsa masu ja. Aksil mai juyawa yana raba abu biyu da a da suke haɗe, wato wurin da ake ɗaukar nauyi da wurin da tirela take juyawa a kansa. Na farko ya koma baya, na biyu ya tsaya a gaba.

Aksil mai juyawa nau'i uku ne. Mafi sauƙi kuma mafi yawa a kan hanya shi ne aksil mai juya kansa. Babu abin da ya haɗa shi da sitiyarin direba. An sa ƙusar da tayar take juyawa a kanta ta ɗan gabaci tsakiyar aksil ɗin, kamar yadda tayar kujerar ofis take bin duk inda aka tura ta, saboda haka ƙarfin da titi yake tura tayar da shi a kwana shi ne yake juya ta. Idan an miƙe kuma akwai abin da yake mayar da ita tsakiya. Kamfanin BPW na Jamus, alal misali, yana amfani da wasu fayafai masu tudu da kwari waɗanda nauyin lodi yake dannewa su koma mazauninsu, ta yadda ƙarfin mayarwar yake ƙaruwa tare da nauyin kaya. Idan na ƙarshe cikin aksil uku ya zama mai juya kansa, cibiyar juyawar tirela takan matso daga kan na tsakiya zuwa tsakanin biyun farko, kimanin santimita 65 ke nan, kuma gurzar taya tana raguwa ƙwarai domin saura biyu kaɗai suke ja-in-ja. Rauninsa biyu ne. Na farko shi ne ribas: idan ana komawa da baya tayar za ta karkace ta inda ba a so, don haka akwai fil mai aiki da iska da yake kulle ta, kuma fil ɗin ba ya shiga raminsa sai tayoyin sun miƙe, shi ya sa direban da ya san aikinsa yakan ɗan ja gaba ya miƙe kafin ya sa ribas. Na biyu kuma ya fi nauyi a wurina: tayar da take juyawa da kanta ba ta riƙe mota daga zamewa gefe kamar kafaffiya, saboda haka wannan aiki yana komawa kan sauran aksilolin, kuma a kan jiƙaƙƙen titi ko lokacin taka birki da ƙarfi ake gane ko abin mayarwa tsakiyar yana da lafiya.

Nau'i na biyu kan mota ne yake ba shi umarni. A ƙarƙashin gaban tirela akwai wani ƙarfe mai siffar fegi da yake shiga tsagar farantin da tirela take zama a kansa. Duk lokacin da kan mota ya karya, fegin yana juyawa, sai sandunan ƙarfe ko igiyoyin waya ko bututun man haidrolik su kai wannan motsi ga aksil ɗaya ko biyu ko duka na baya, su karkata su ta kishiyar inda kan ya nufa, wutsiyar ta buɗe waje maimakon ta yanko ciki. Wannan yana aiki a gaba da ribas duka, yana rage yanke fiye da na farko nesa ba kusa ba, kuma da irinsa aka daɗe ana jigilar dogayen kaya kamar ginshiƙan gada da fukafukan injin samar da lantarki ta iska. Sai dai ya fi nauyi da tsada, kuma abu ɗaya kawai ya sani, wato kusurwar da ke tsakanin kai da bodi, ba ya bambanta shiga kwana da fita daga cikinta.

Na uku kwamfuta ce take sarrafa shi, tana karanta kusurwar da gudun motar ta yanke hukuncin yadda kowace taya za ta karkata, sannan ta tsayar da su a miƙe idan gudu ya ƙaru. Masu bincike a Jami'ar Cambridge ƙarƙashin Farfesa David Cebon sun gwada tirelar da wutsiyarta take bin ainihin layin da ƙusar haɗi ta bi, kuma a ganina can ne fasahar ta dosa, amma tsadarsa da buƙatar ƙwararrun masu gyara sun hana shi yaɗuwa kamar na farko.

Akwai abin da nake so mai karatu ya riƙe fiye da sunayen nan uku. Duk lokacin da aka matso da cibiyar juyawa gaba, sashen bodin da ke bayanta ya ƙara tsawo, kuma wannan sashe yana wurgawa waje ne a farkon kwana. Idan mota za ta karya hagu, kusurwarta ta baya ta dama tana fara leƙawa dama, cikin layin maƙwabciyarta ko kan wurin tafiyar ƙasa, kafin ta dawo ta bi sauran jikin. Na tsaya a bayan wata doguwar tirela mai irin wannan aksil tana fita daga layin da aka faka motoci a jere, na ga kusurwar ta wuce daf da madubin motar da ke gefenta, ratar ba ta kai tafin hannu ba, kuma direban bai san an yi ba. Ba sakacinsa ba ne, domin da zarar kai ya karya, madubin ɓangaren waje ba ya nuna masa wannan kusurwa ko kaɗan, hankalinsa kuma yana kan madubin ciki inda ya saba ganin haɗari. Mutanen da ke gefen titi ma haka suke, sun koyi tsoron cikin kwanar babbar mota, ba wanda ya koya musu tsoron wajenta. Aksil mai juyawa yana rage haɗarin da ake gani ne ya ƙara wanda ba a gani, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin kyamarar baya da horon direba wani ɓangare ne na kuɗin sayen irin wannan tirela.

Birtaniya ta ba mu misali mai kyau domin ta yi haƙurin gwadawa. A shekarar 2012 ma'aikatar sufurin ƙasar ta fara gwajin tireloli masu mita 14.6 da mita 15.65, wanda ya kai tsawon mota gaba ɗaya mita 18.55, da sharaɗin dole su wuce gwajin zoben nan, abin da ya sa masu mita 15.65 suka zo da aksil mai juyawa, mafi yawansu mai juya kansa. Tireloli fiye da 2,500 suka shiga, kamfanoni suna miƙa bayanan tafiye-tafiyensu, aka shafe shekara goma sha ɗaya ana tattarawa, sannan aka halatta su ga kowa daga 31 ga Mayu 2023. Abin da aka samu shi ne raguwar tafiye-tafiye da kusan kashi 8 cikin 100, wato tafiya ɗaya cikin kowace goma sha biyu ta zama ba a buƙatarta, kuma yawan haɗurran da suka raunata mutane ya gaza na sauran manyan motoci idan aka auna da nisan da aka yi. Wannan sakamako na ƙarshe ina karanta shi da taka-tsantsan, domin kamfanonin da suka shiga gwajin su suka zaɓi shiga, sun san ana kallonsu, sun horar da direbobinsu, kuma yawancin tafiyar tsakanin manyan ɗakunan ajiya ce a kan manyan tituna. Gwamnatin ma da alama ta fahimci haka, shi ya sa dokar 2023 ta wajabta wa mai motar ya tantance hanyar da za ta bi kafin ta bi, ya kuma ajiye shaidar hakan.

A lura da tazarar da ke tsakanin lissafin takarda da abin da ya faru. Idan falet 30 suka maye gurbin 26, kamata ya yi tafiye-tafiye su ragu da kashi 13 cikin 100, amma 8 aka samu. Sauran sun ɓace ne a tafiyar da aka dawo fanko, da odar da ba ta kai cika bodi ba, da ranakun da aka tura doguwar tirela aikin da gajera za ta iya. Kuma ba a ƙara iyakar nauyi ba, tana nan a tan 44 a kan aksil shida, alhali ƙarin bodi da ƙarfen juyawa sun ƙara wa tirelar nauyin kanta. Ma'ana, mai ɗaukar kaya masu nauyi da ya sayi doguwar tirela ya rage wa kansa lodi ne da kuɗinsa.

Ta fuskar titi kuwa, maganar ta fi daɗi. Tun gwajin tituna da aka yi a Ottawa ta jihar Illinois a Amurka tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi suke aiki da ƙa'idar cewa ɓarnar da aksil yake yi wa kwalta tana ƙaruwa ne kamar an ninka nauyinsa a kansa sau huɗu. Idan nauyi ya ninka biyu ɓarna ta ninka goma sha shida, ƙarin kashi 20 cikin 100 kacal ma ya isa ya ninka ta biyu. Saboda haka hanya mafi sauƙi ta ɗaukar kaya da yawa ba tare da kashe titi ba ita ce ƙara yawan aksil. Matsalar ita ce kafaffun aksiloli huɗu ko biyar suna ƙin kwana, suna kuma ɗaye fatar kwalta a mararraba da shataletale. Maganin da aka daɗe ana yi shi ne aksil ɗin da ake ɗagawa sama, direba ya ɗage shi idan zai yi kwana. To a daidai wannan lokaci nauyin da yake ɗauke da shi yana faɗawa kan sauran, kuma idan aka manta ba a sauke shi ba haka za a yi ta tafiya. Lardin Ontario na Kanada ya ga irin ɓarnar da hakan take yi wa titunansa da gadojinsa, shi ya sa tun farkon shekarun 2000 ya shiga sauya dokokinsa mataki-mataki, yana maye gurbin irin waɗannan da aksil mai juya kansa wanda yake zama a ƙasa idan akwai lodi, yana kuma raba nauyi daidai da 'yan'uwansa ba tare da sa hannun direba ba.

Tsarin da ya fi gamsar da ni shi ne na Ostireliya, wanda ta fara a 2007. Maimakon doka ta tsaya a kan cewa mota kada ta wuce mita kaza, sai aka ce mai ƙira ya zo da motar da yake so, a auna abin da take yi. Ana duba faɗin titin da take sharewa a kwana, da nisan da wutsiyarta take wurgawa, da yadda tirelar ƙarshe take ƙara girgiza idan direba ya kauce wa wani abu da gudu, da ƙarfin da za ta jure kafin ta kife, da iya tashinta a kan tudu, da nauyin da take ɗora wa gada. Akwai ƙa'idoji 16 na tsaro da 4 na kare titi da gada, an kuma raba titunan ƙasar mataki huɗu, kowace mota tana samun izinin matakin da ta cancanta. A mataki na farko, wanda ya fi tsanani, faɗin sharar kwana ba zai wuce mita 7.4 ba, wurgin wutsiya kuma santimita 30. Abin da ya burge ni a nan shi ne an ɗaure awo biyun tare, ta yadda mai ƙira ba zai iya gyara cikin kwana ta hanyar jefa matsalar zuwa wajenta ba. Afirka ta Kudu ma ta ari wannan tsari ta fara gwada shi a motocin jigilar katako.

Ƙasashen arewacin Turai sun bi wata hanyar, ta haɗa bodi biyu. Suwidin da Finland sun daɗe da motoci masu mita 25.25, inda ake haɗa bodi mai mita 7.82 da tirela mai mita 13.6, biyu daga cikinsu su yi aikin motoci uku. Finland ta kai iyakar nauyi tan 76 a 2013, ta kai tsawo mita 34.5 a 2019, Suwidin ta bi ta a tsawon a ƙarshen 2023 a kan zaɓaɓɓun tituna. Amurka kuwa tana jan tireloli masu ƙafa 53, sama da mita 16, galibi ba tare da aksil mai juyawa ba, domin aksil biyu kawai suke da shi a baya wanda ake iya zamewa gaba ko baya, mararrabarta kuma masu faɗi ne. Wannan yana nuna cewa buƙatar ƙarfen tana bin yanayin titin da za a bi ne, kuma inda titi ya fi matsi a nan ya fi biyan kuɗinsa.

Abin da ya rage, wanda kuma nake ganin shi ne yake raba wanda kwalliyarsa ta biya kuɗin sabulu da wanda ya yi asara, shi ne kulawa. Kafaffen aksil yana haƙuri da sakaci, mai juyawa ba ya yi. Yana da ƙusoshin juyawa da suke son giris a kan lokaci, da sandar da ta haɗa tayoyin biyu, da robobin da suke cinyewa, da fil ɗin kullewa da bututun iskarsa. Idan saitinsa ya goce ko kaɗan, tayar da aka saye shi domin a cece ta ita zai fara ci, kuma zai ci ta ne a miƙaƙƙen titi inda mota take yin mafi yawan tafiyarta. Idan giris ya bushe ya cije, ya koma kafaffe mai ƙarin nauyi da tsada. Idan kuma abin mayarwa tsakiyar ya saki, wutsiya takan fara rawa a babban gudu. Babban kuskuren da na fi jin tsoro shi ne na garejin da ba a san aikin ba, inda za a ga ya dame su sai a kulle shi dindindin ko a yi masa walda. Daga ranar tirelar ta zama doguwa mai kafaffun aksiloli a can baya, wadda ba za ta wuce gwajin da aka ba ta izini a kansa ba, kuma direba zai shiga kwana da zaton bayansa zai bi shi kamar jiya.

Da ni ne zan yanke shawarar sayen irin wannan tirela, zan fara ne da takardun lodi na wata shida, in ƙirga tafiya nawa ce bodi ya cika kafin ma'auni ya ƙure, da tafiya nawa aka dawo da kaya. Bayan haka zan nemi sanin wanda zai riƙa duba aksil ɗin da nisan inda ake samun kayan gyaransa. Sannan zan bi hanyar da kaina, in sauka daga mota a wuraren da suka fi matsi, in auna da ƙafa, musamman mita ɗarin ƙarshe kafin ƙofar mai karɓar kaya, domin babban titi ba ya hana doguwar tirela wucewa, ƙofar shiga da filin juyawa su suke hanawa. Idan ƙofar ƙarshe ta ƙi ta, sai an tsaya a waje an sauke kayan an mayar da su cikin ƙaramar mota, kuma kuɗin wannan sauyi da sa'o'in da za a ɓata a kansa sukan cinye abin da falet huɗun suka kawo tun kafin motar ta juya ta kama hanyar komawa.